Bishiyar da ke Bakin Gada

Jeongeup, cikin watan Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Hye-ran,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Gyeong-tae da 'yar baƙuwarmu Na-rae. Allah ya raya mana ita, ya ba ki lafiyar shayarwa, ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa. Ina fata busasshen ganyen teku da muka aiko ya iso, kuma kina shan miyar jegonki safe da yamma ko da ta gundure ki. Mu nan mun gode Allah. An gama girbin shinkafa, sanyi ya fara shigowa da safe, ƙaninki Dong-cheol ya zo daga Incheon ya gyara mana rufin ɗakin ajiya ya koma.

Ba na jin akwai wanda ya rage a garin nan da bai ga hoton Na-rae ba. Na nuna wa mai aski, na nuna wa direban bas, na nuna wa 'yan ajinmu na makarantar yamma, har malamarmu ta sa na rubuta sunanta a allo kowa ya tafa. Matar da ke sayar da awara a kasuwa kuwa ta gaji da ni, ta ce, "Baba, na rantse na gani, jiya ma na gani, ka matsa in sallami mutane." Ban ji haushi ba. Mutumin da ya fara ɗaukar buhu a injin casar shinkafa tun bai kai ya riƙe fensir ba, yau ga shi da jika, kuma yana iya rubuta sunanta da hannunsa. Wani lokaci ina tafiya a hanya sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai.

Na san tun da kika ga bayan ambulan gabanki ya faɗi, domin rubutun ba na mamanki ba ne. Kin saba ita ke rubutawa, ni in sa sunana a ƙasa. Ki yi haƙuri da layukana masu karkata, rubutun wanda ya shiga aji da furfura ne. Ba a kwance take ba, tana cin abinci, tana yi mini faɗa kamar kullum. Amma akwai magana, kuma ba ta waya ba ce, domin duk lokacin da kika kira tana zaune kusa da ni.

Ranar Asabar da ta wuce muka je kallon ganye da tsofaffin cocinmu, kamar kowace shekara. Labarai sun ce ganye ya gama nuna, ya rikiɗe ja da rawaya, a Dutsen Naejang, kuma ba su yi ƙarya ba. Tun daga wurin ajiye motoci mutane kamar an zazzage Seoul gaba ɗaya, kowa da rigar hawan dutse mai ɗaukar ido, kowa ya ɗaga waya sama. Mu muka bar musu babbar hanya muka bi 'yar hanyarmu ta gefen rafi, wadda kika sani. Ja da rawaya sun rufe sama, sun rufe ƙasa, har fuskokinmu sun yi ja. Chun-bae, abokina tsohon direban tasi, ya fara neman giyar shinkafa tun ba mu yi nisa ba, matarsa Jeom-rye tana ce masa, "Tsohon banza, ganye ka zo kallo ko gindin kwalba?" Shi kuma ya ce ta cikin kwalba ganyen ya fi kyau. Mamanki tana bayana, ta riƙe igiyar jakata. Ta ce gwiwa ce ke damunta. Na yarda, kamar yadda na yarda lokacin da ta ce wuyan hannunta ne ya hana ta rubutu.

Kin tuna bishiyar nan ta bakin 'yar gadar katako, wadda ta fi kowace ja, inda muke ɗaukar hoto tun kina goye? Babu ita. Guguwar damina ta tsaga ta, ma'aikata suka sare ragowar, sai kututture. Ni ma ban sani ba sai da muka karyo kwana na ga wurin fayau, sarari kawai. Kafin in buɗe baki mun hau gadar. Mamanki ta ji katako a ƙarƙashin takalminta, ta ji ƙarar ruwa, sai ta saki jakata, ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa, ta ɗaga kai sama. Ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kai, ku duba! Bana ma ta fi bara ja."

Hye-ran, ban san yadda zan rubuta miki shirun da ya biyo baya ba. Chun-bae ya ce, "Wace bishi..." Jeom-rye ta sakar masa sandar hawan dutse a ƙafa, ya haɗiye sauran. Sai ita Jeom-rye ta ɗaga nata kan ta ce, "Gaskiyarki, Maman Hye-ran, kamar an cinna mata wuta." Wani ya ce bai taɓa ganin ta haka ba. Wata ta ce a duba reshen can na sama. Chun-bae, yana ɗingishi, ya ce ko a talabijin ba a nuna irinta ba. Tsofaffi cike da gada, duk mun ɗaga kai muna yabon sarari. Wasu matasa da ke wucewa suka tsaya su ma suna kallon sama, suna neman abin da muke gani. Ni ma na ce ta yi kyau. Har hoto muka jera aka ɗauke mu.

Da an bar mu haka, da wataƙila har yau ina ta wannan wasa da ita. Amma kin san al'adarta, a nan take dafa jikin bishiyar ta gyara igiyar takalmi kafin a fara hawan gaske. Ta tsallake gadar, ta miƙa hannu da dukkan nauyinta, hannun bai tarar da komai ba. Allah ya sa ina kusa, na cafke ta ta baya. Ta sunkuya tana lalube har ta taɓa kututturen, ta shafa samansa inda zarto ya bi, sannan ta zauna a kai. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce da alama tun guguwar damina. Ta juya wajen da take jin numfashin mutane ta ce, "Wato haka kuka bar ni ina surutu kamar mahaukaciya? Har da kai, Chun-bae, da ba ka taɓa rufa wa kowa asiri ba?" Ya ce, "Yaya, ƙafata aka karya, ba son raina ba ne." Ta yi dariya. Daga dariyar ne kuka ya zo.

Sauran suka ci gaba da hawa, mu biyu muka zauna a wurin. Na buɗe kimbap ɗin, shinkafar da ta naɗe mana da ganyen teku da safe, sai a lokacin na lura yankan ba daidai ba ne, wani kauri wani siriri, ita da take yanka su kamar an auna. A nan ta faɗa mini komai. Ciwon sugan nan ya taɓa idanunta. Tun bazara ƙanwarta Mal-sun ke raka ta wajen likitan ido a Gwangju, su ce mini kasuwa suka je. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ana yi masa allura, amma kullum baya yake yi. Abin da ke nesa duk ya zama kamar tururin tukunya. Abin da aka kawo dab da fuskarta, a cikin haske mai kyau, shi take ɗan gani. Gidanmu ta haddace shi, hanyar coci ta haddace, wannan dutsen ma ta ɗauka ta haddace. Na tambaye ta me ya sa ta ɓoye mini. Ta ce, "Baban Hye-ran, ka ga yadda kake yawo da hoton nan kuwa? Tun da na aure ka ban taɓa ganin ka haka ba. In zo in zuba maka ruwan sanyi?"

Sai ta yi mini tambayar da ta hana ni sukuni har yau. Ta ce in faɗa mata gaskiya, yarinyar da wa take kama. Na ce mata, "Ba ke kike cewa hancina ta ɗauko ba?" Ta ce faɗa kawai take yi, domin ta san zan ji daɗi. Duk kiran da kike yi kina ɗaga Na-rae a gaban waya, mamanki tana cewa ga ido, ga kumatu, haske kawai take gani yana motsi. Ba ta taɓa ganin fuskar jikarta ba. Na ciro hoton, amma fuskar ta yi wa idonta ƙanƙanta, sai na yi ta kwatanta mata, goshi irin naki, kunne irin na Gyeong-tae, gashi a tsaye kamar na ɗan tsako. Ta ce ban iya kwatance ba. Gaskiyarta. Na tsinci wani ganye da iska ta kawo daga wata bishiyar na ba ta, ta kai shi dab da idon dama, ta juya shi a rana, ta ce wannan kam tana gani, ja ne.

Ranar Talata na bi ta Gwangju da kaina. A tashar mota ni na karanta allon motoci, ni na karanta lambar kujera, a asibiti ni na karanta sunan ɗaki. Shekaru da yawa ita ke yi mini wannan, tana rufa mini asiri a gaban mutane, ta ce wai na manta tabarau a gida. Ta ce mini, "Ashe kuɗin littattafanka ba su tafi a banza ba, tsoho." Na tambayi likita kai tsaye ko idon zai kai kaka mai zuwa. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba zai yi mini alkawarin ko bazara ba. Ya ce idan akwai abin da take son gani, kada a jira.

To, ga maganar, 'yata. Kin ce za ku zo baɗi war haka, Na-rae ta cika shekara, a yi mata bikin shekara ɗaya a nan, ganye ya nuna, mu ɗauki hoto mu duka a gindin bishiyar. Shiri ne mai kyau, ni ma na yi ta faɗa wa mutane. Mu mutanen nan haka muke, komai sai mu ce a bari sai ganye ya nuna. Amma bishiyar babu ita, kuma ban san abin da zai rage a idon mamanki baɗi ba. Ina roƙon ki ku zo da wuri. Na san tafiyar tana da tsawo ga jaririya, na san a can yanzu kuke shiga zafi mu kuma muna shiga sanyi, na san aikin Gyeong-tae ba ya sakin mutum. Ban ce ki taso jikinki bai yi ƙwari ba. Ki tambayi likitanku ranar da yarinya za ta iya shiga jirgi, ranar da ya faɗa, ita nake roƙo. Ko da dutsen ya zama ƙirare, ko da ƙanƙara ta rufe shi. Zan sa a gyara ɗumin ɗakinki, ba za ta ji sanyi ba.

Mamanki ta hana ni faɗa miki. Tun a mota take cewa mai jego ba a tayar mata da hankali, nono zai ɗauke, kuma ba ta son a taso jaririya daga ƙarshen duniya saboda tsohuwa. Ta ce idan na rubuta ba za ta ƙara dafa mini komai ba. Na ce na ji. Yau da rana na shimfiɗa takarda a teburin cin abinci, tana gefe tana feraye kanyar da za mu shanya, da lalube, kuma ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Ta ji ƙarar fensir ta tambaye ni me nake yi. Na ce aikin gida ne na makaranta. Ta ce, "Aikin gida ne kake ta jan hanci a kai? Wannan malama taku muguwa ce." Ta ci gaba da feraye kanyarta, ni na ci gaba da rubutu.

Ki gaishe mini da Gyeong-tae da kyau, ki ce masa na gode da yadda yake kula da ke, kuma ya yafe mini wannan nauyi da na ɗora masa. Dong-cheol yana gaishe ku, shi ma sai gobe zan faɗa masa. Mal-sun tana gaishe ki, ta ce kada ki yi fushi da ita, rantsuwa aka sa ta. Chun-bae da Jeom-rye suna gaisuwa, ƙafarsa ta kumbura amma yana takawa. Ki sumbaci Na-rae a goshi, ki ce mata kakanta ne. Na sa hoton gadar a ciki, da ganyen nan da mamanki ta riƙo har gida.

Yanzu ina shirin naɗe takardar ta ajiye wuƙa. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Tunda ba ka jin magana, ka ƙara layi ɗaya a aikin gidan naka. Ka ce mata idan za ta kawo ta, ta sa mata jan kaya."

Ki sa mata jan kaya, Hye-ran.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarku,
Yeom Bok-man