Robar Gilashin Motar Babansu

Asabar, 5 ga Afrilu
Wata huɗu ke nan da Babba ya bar gidan nan. Ban kira shi ba, kuma ba zan kira ba. Uwa ba ta bin ɗa da ban haƙuri. Abin da na faɗa masa gaskiya ne: namiji mai shekara ashirin da bakwai, ba aiki, ba sana'a, amma duk Asabar yana tsakar gida da tsumma yana goge robar gilashin motar da ubansa ya mutu ya bari. Na ce masa a gaban ƙanwarsa, ubanka ya bar mota amma bai bar magaji ba. Ya ninke tsumman, ya shiga ɗaki, da safe babu shi.

Talata, 8 ga Afrilu
Hadari ya fara haɗuwa. Na zagaya motar. Robar da ke gefen gilasai ta yi fari-fat, ta bushe, ta fara tsagewa a kusurwa. Da na sauke gilashin direba sai ya yi ƙara kamar ana jan ƙarfe. Da can ba ya yi.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na yi aikin da kaina. Wai har wannan ne abin da mutum zai ɓata rabin yini a kai. Na ɗauko basilin ɗin da nake shafa wa faso, na lakato, na bi robar ƙofar direba da shi ciki da waje har ta yi baƙi tana sheƙi. Auta ta leƙo ta ce, "Mama, Yaya fa ba da wannan yake yi ba." Na ce abin da ya tausasa ƙafar uwarki zai tausasa roba, ki je ki duba tukunyarki. Minti goma na gama. Sauran ƙofofi uku sai wani satin, bayana ya riƙe.

Laraba, 23 ga Afrilu
Robar ta kumbura, ta yi danƙo, ƙasa duk ta manne mata. Na sauke gilashin don in duba, ya tsaya a rabi, ya ƙi sama ya ƙi ƙasa.

Alhamis, 24 ga Afrilu
An yi ruwa tun azahar. Na liƙa leda, iska ta yaye ta. Kujerar babansu ta jiƙe sharkaf, wurin da bayansa ya lotsa ya zama ɗan tafki. Shekara shida da rasuwarsa, ɗigo ɗaya bai taɓa shiga motar nan ba. Na tsaya da lema ina kallo har Auta ta zo ta ja hannuna.

Litinin, 28 ga Afrilu
Bakaniken bakin titi ya zo. Ya taɓa robar, ya shinshina yatsansa, ya ce, "Mama, wa ya yi wa motar nan kwalliyar amarya?" Na ce ba wasa na kira ka ba. Ya ce basilin da baƙin mai duk cin roba suke yi, akwai man feshinta daban, kuma sai an wanke ta da ruwan sabulu ta bushe kafin a fesa. Ya ce wannan ta mutu, irinta kuma ta yi wuya a kasuwa saboda motar ta tsufa. Ya duba sauran ukun ya ce, "Wanda ya riƙe waɗannan ya san hannunsa, in ba haka ba da tuni sun zama gari. Yana ina? Ni da zan samu irinsa a gareji."
Na ce ya yi tafiya.

Laraba, 30 ga Afrilu
Motar ta fara warin fumfuna. Ashe Auta suna waya da Babba, yau ta faɗa. Yana wani gari yana dakon kaya a wani sito, yana kwana a shagon abokinsa. Na ce wanda ya ƙi jin bari ai ya ji hoho. Ta dube ni kamar ba ni na haife ta ba. 'Ya'yan yanzu.
Daga baya na ce ta tambaye shi sunan man da yake fesa wa robar. Sunan man kawai.

Juma'a, 2 ga Mayu
Amsa ta zo. Wai man yana cikin aljihun gaban mota, ƙarƙashin takardu. Na ce sai me kuma ya ce? Ta ce shi ke nan. Bai ce a gaishe ni ba.
Na buɗe. Gwangwani ne dogo mai siririn bututu, da tsohon buroshin haƙori, da tsumman nan a ninke yadda ya ninke shi ranar. Tsohuwar singiletin babansu ce. Ban taɓa lura ba.

Asabar, 3 ga Mayu
Na wanke robar ƙofofi ukun da ruwan sabulu, na bi lungunan da buroshi, na jira suka bushe, na fesa, na goge, na ɗaga gilasai na sauke sau uku-uku. Tun hantsi har la'asar. Rabin yini ne, ba ƙarya.
Na ce wa Auta ta rubuta masa cewa na yi kuskure a kan robar. Ta ce, "A kan robar kawai, Mama?" Na ce ta rubuta abin da aka ce mata. Ta tura. Ya gani, bai amsa ba. Ban sa rai ba, halin ubansa ne, in ya yi shiru ya gama.
Gilashin direba yana nan a rabi. Man ya kusa ƙarewa, na rage kaɗan a gwangwanin na mayar inda yake ajiyewa.
Na sa Auta ta ƙara wa wayata ƙara. Kunnena ne ya fara nauyi.