Nauyin Tauraron Magariba

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yau na gama fuka-fukan. Wata takwas ke nan cif.

Bari in rubuta abin yadda yake, don wata rana in na karanta in san me ya cinye mini damina guda. Akwai manhajar da ke kwaikwayon sararin samaniya cikin ordinatar, wato kwamfuta: duniya, wata, rana, kowanne da lissafinsa na gaskiya. Ba ta zuwa da kumbo masu yawa. Mutane ne ke ƙera su da hannunsu, su ƙara mata, kyauta. Shekara uku ina sauko da na wasu ina tuƙawa in na taso daga gidan rediyo. A Fabrairu gurup ɗinmu na masu jin Faransanci suka ce za a fitar da tarin taurarin ɗan adam goma sha biyu, kowa ya ɗauki ɗaya. Guda ya rage babu mai so, wani tsohon tauraro mai ɗaukar hoton ƙasa, ya daina aiki tuntuni, yana dai kewayawa. Na ce ni. Har yau ban san me ya kai yatsana ba.

Shugaban gurup Bernar ne, tsohon injiniya a Beljiyam. Ya ba kowa takarda mai tsawo da faɗi da nauyin tauraronsa. Doka ɗaya: abin da ke takardar shi ake sawa. Bara wani ya canza lamba guda, aka fitar da tarin babu nasa, ko bayani ba a yi masa ba. Ranar rufewa 10 ga Nuwamba.

Nawa kilo 940. Na sa. Na kuma sa masa matsayin da na gaskiyar yake a sama jiya Juma'a, na sake shi.

Litinin, 7 ga Oktoba

Fiffiken hagu yana buɗewa ta ciki, yana ratsa gangar jikin kamar aljani. Na juya lamba ɗaya, ya dawo hayyacinsa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Wani abu ya faɗo mini a rai wurin aiki, ina jiran agogo ya cika in buɗe wa mai labarai makirfo. Tauraron nan fa yana nan da gaske. Hanyarsa tana bin tsakanin dare da rana, saboda haka yana wuce mu bayan magariba, rana na haska shi alhali mu duhu ya fara. Me zai hana in gan shi?

Na kafa sanda biyu a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, suna duban yamma. Manhaja ta ce nawa zai tsallaka layin sandunan, yamma sosai, ƙarfe bakwai da minti huɗu da daƙiƙa goma. Da na dawo daga masallaci na tsuguna bayan sandunan. Ban ga komai ba, tabarau sun tsufa. Matata Hawwa'u ce ta fito da butar shayi ta ce, "Baban Laila, wancan mai tafiyar kake nema?"

Shi ne. Ɗan fari, ba ya ƙyaftawa, yana tafiya arewa a natse. Wata takwas ina juya shi a allo, na san kowace kusurwa tasa, amma sai na ji kamar an nuna mini mutumin da na daɗe ina jin muryarsa.

Na ba ta sandunan, na riƙe agogo. Ta ce "yanzu". Bakwai da huɗu da talatin da uku. Nawa ya riga shi da daƙiƙa 23.

Sandunan ne ba su daidaita ba, na tabbata.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Rabo ya zo, taubashina mai sayar da hatsi. Ya leƙa allo ya ce, "Kalla, wannan jirgin naka buhu nawa yake ɗauka zuwa Maraɗi?" Na ce ba ya sauka. Ya ce, "To kun dace, kai ma ba ka sauka." Ya taka mini sanda ɗaya da zai fita. Na sake kafawa, wannan karon da siminti.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Daƙiƙa 92.

Na ce wa Hawwa'u ko ta makara wajen cewa "yanzu". Ta ajiye mafici ta dube ni. "Minti ɗaya da rabi ina kallon abu ban yi magana ba? Ni?" Gaskiyarta.

Agogona na daidaita shi da na gidan rediyo, shekara goma sha shida ban taɓa buɗe shiri a makare ba. Sanda kuwa in ta karkace, kuskuren ɗaya zai zama kullum, ba zai girma ba. Wannan girma yake.

Abin da ya hana ni cin tuwo da daɗi: mako ɗaya 23, mako biyu 92. Kwanakin sun ninka biyu, ratar ta ninka huɗu. Ba tafiyar da ta fi sauri kawai ba ce, saurin ne ke ƙaruwa. Me ke tura shi?

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na bi fishiye, fayil ɗin tauraron, layi-layi. Tsawo daidai, faɗi daidai, 940 daidai. Kuskuren yana wani wuri da mai bak, wanda ya ci jarrabawar gama sakandare, zai gani da kallo ɗaya. Ni sau biyu na faɗi bak, kuma duk biyun fizik ce ta kayar da ni. Ya kamata in riƙa tuna wannan.

Talata, 22 ga Oktoba

Na yi tunanin iska. Ko a can sama akwai ɗan burbushinta, tana gogar tauraro. Amma gogayya birki ce. Da ita ce, nawa makara zai yi, ba riga zuwa ba. Na soke ta daga jerin.

Saura abu huɗu a jerin, kuma duk huɗun sunana ne a ƙarshensu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Minti uku da daƙiƙa takwas. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wata muke nema a tsakiyar wata. Hawwa'u ta ce mata, "Baƙon maigida ne, ba ya tsayawa gaisuwa."

Asabar, 26 ga Oktoba

Ba ni da aiki yau, kuran ɗin lantarki ma bai ɗauke ba. Na ce bari in yi wasa kawai, tunda tunani ya ƙi. Na maida tauraron kilo dubu goma, na koma 4 ga wata, na tura kwanaki da sauri. Ya zo a makare. Na maida shi kilo ɗari biyar. Ya zo da wuri ƙwarai.

Na zauna ina kallon allo. Mai sauƙi iska ta fi cinsa. Wanda iska ta fi ci shi ne ke riga zuwa. Birki yana ƙara gudu?

Na fita tsakar gida don kaina ya huce. Akuyar Hawwa'u na kewaya turke, igiya na naɗewa, kowane zagaye ya fi na baya gajarta, kafin ka ce me ta dawo inda ta fara. Na tsaya da baki buɗe. Iska ba tsayar da shi take ba, sauko da shi take. In ya sauko kewayen ya gajarta, kuma manhaja ta nuna gudun ma ƙaruwa yake. Na duba tsayin nawa, ya fi yadda ya kamata yin ƙasa.

Shekara ashirin da biyu da barin makarantar lise, yau na ji daɗin fizik. Ba wanda zan gaya wa sai akuya.

To nawa bai kai nauyi ba. Na yi ta gwadawa har la'asar. Lambar da ta sa shi ya dace da ranakun nan uku duka ita ce wajen 1,400.

Takardar Bernar ta ce 940.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Injiniya ne. Shekara talatin yana wannan aiki.

Laraba, 30 ga Oktoba

Rezon intanet ya yi kyau a wurin aiki da rana. Na yi ta tono har na samu tsohuwar takardar kamfanin da ya ƙera shi, hoto ne aka ɗauka, rubutun ya dushe. Shafi na huɗu: gangar jiki, 940. Shafi na tara: kayan ɗaukar hoto da doguwar antenarsu, 490. Haɗe, 1,430.

Ya tsaya a shafi na huɗu, ke nan. Ko kuwa akwai dalilin da ban sani ba. Wataƙila kowa a gurup ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na sa 1,430 na jira magariba. Ratar daƙiƙa uku. Da tsohuwar lambar da ta kusa minti shida.

Hawwa'u ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, don tsokana.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mun je suna Birnin Lalle, ni da Rabo a moto, babur ɗinsa. A hanya na kwashe komai na gaya masa, ban yi zaton zai saurara ba. Ya ce, "Wa zai gane in ka bar ta yadda Baturen ya ce?" Na ce babu. Garuruwansu gajimare ne da fitilu, ba mai fita ya duba. Ya ce, "To sa abin da ya ce, sunanka ya shiga. Wata takwas fa, Kalla. Ko gero bai kai haka a gona ba." Can da muka wuce wani garke ya ƙara da cewa, "Amma ni in mudu ya rage, ko mai saye bai gani ba, ni na gani." Na ce to wanne zan ɗauka cikin biyun? Ya ce, "Ni direba ne yau, ba malami ba."

Fishiye biyu ne yanzu a ordinatar. Ɗaya zai shiga tarin ba tambaya. Ɗaya daidai ne.

Ina son ganin sunana a jerin nan. Ban taɓa faɗa ba, ko a nan. Ban taɓa gama wani abu da mutanen wata ƙasa za su riƙe ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na rubuta wa Bernar. Rabin saƙon ban haƙuri ne. Na karanta wa Hawwa'u ina fassarawa, ta ce, "Wai kai ka ci masa kilo ɗari huɗu da casa'in ɗin?" Na goge layi shida. Na bar ranaku huɗu, lokutansu, shafi na tara, da hoton sandunan.

Ban aika ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na aika bayan Juma'a, da mai 1,430. Ɗayan na goge shi, don na san kaina.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Amsa layi biyu. Takarda an riga an tantance ta, ba a canza lamba kwana ɗaya kafin rufewa. In aiko da mai 940 kafin gobe.

Minti ɗaya zai ɗauke ni in sake rubuta 940. Na buɗe fishiyen sau uku. Na uku har na goge ɗaya da huɗu daga 1,430.

Da magariba ya wuce can ƙasa-ƙasa, kusa da kan bishiyar dogonyaro. Daƙiƙa huɗu. Na koma ɗaki na maida ɗaya da huɗun.

Litinin, 11 ga Nuwamba

An fitar. Taurari goma sha ɗaya.

Na sauko da su duka. Suna da kyau, musamman na wata mata daga Kanada, har ƙusoshi ta yi masa. Na karanta jerin sunayen har ƙasa kamar ban san abin da ke ciki ba.

Na buɗe shirin ƙarfe biyu a makare da daƙiƙa goma. Ba wanda ya lura.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Hawwa'u ta ce shafin intanet da ake sa kumbon ai ba gonar Bernar ba ce. Haka ne, kowa na iya sa abinsa shi kaɗai, ba cikin tari ba. Na sa. Wurin suna na rubuta Kalla Mahamadu, Dakoro. Wurin bayani na sa lokutan da muka auna, na ce idon na Hawwa'u ne.

Mutum bakwai sun sauko da shi. Ɗaya ni ne, don in gwada.

Talata, 19 ga Nuwamba

Saƙo daga Bernar, ba a gurup ba, ni kaɗai. Bai ambaci 940 ba, bai ce komai kan tarin ba. Ya ce cikin goma sha ɗayan akwai ɗaya da shi da kansa ya ƙera, takardun da ya samu sun saɓa wa juna kan nauyinsa, kuma sati uku ke nan bai ga sama ba don gajimare. Ko ana ganinsa daga wurinmu? In ana gani, wace lamba nake ganin ta fi?

Na duba. Yana wuce mu da asuba, ta gabas, jibi da kuma Lahadi. Sai an ƙara sanda biyu.

Na amsa masa a tsaye, ina sa takalmi zan tafi aiki. Na ce ba zan iya faɗar lamba ba sai na auna sau uku, tsakaninsu mako guda-guda, ya dakata har tsakiyar Disamba. Kada ya canza komai kafin nan.

Sai a kan hanya na tuna wa na ce wa ya dakata. Gaggawa ce kawai, na makara.

Siminti ya ƙare. In tuna in biya ta wurin Rabo ya kai ni sayowa a moto.