Ranar da Talabijin Ɗin Baba Ya Ƙi Kama Waifai

Gwarzo, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Hambali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Jidda, yaya haƙuri da kewar gida? Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a kan titi, ya raba ka da sharrin ƙarfe, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan muna godiya ga Allah. Damina ta zauna sosai, geron gonar Madadi ya yi kyau har ya fara fitar da kai. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tana taka ta, 'yata Ummi kuma ta fara tafiya, ba abin da ta bari a tsaye a ɗakina. Jikin Baba da sauƙi, sai dai ɓarin hagun har yanzu bai saki ba, maganar tana fita da nauyi, idon kuma ya ƙara rauni a kan yadda ka bar shi.

Yaya, ranar da ka kira ka tambaya ko Baba ya ga karatun Sa'adiya, na ce maka ya gani, kuma gaskiya na faɗa. Amma a ɗakinsa nake, yana kwance yana jin komai, shi ya sa ban iya ba ka labarin yadda aka yi ba. Akwai kuma abin da ya biyo baya wanda ya fi ƙarfina. Don haka na zauna na rubuta, zan ba Alhaji Abdulmumini da zai zo umara ya miƙa maka hannu da hannu.

Kai ka haifi Halimatu Sa'adiya, amma kowa ya san Baba ne ya ɗora ta a kan karatu tun bakinta bai gama iya magana ba. Tun da aka ce an zaɓe ta cikin masu zuwa musabaƙar Alƙur'ani a Gombe, ba shi da wani zance sai wannan. Ya san ba zai iya tafiya ba, a fuskar waya kuma ba ya ganin komai sai haske. Da talabijin ɗin da ka aiko ya iso, sai da ya sa aka matso da shi ya shafa shi da hannunsa mai lafiya. Hadi mai gyaran waya ya zo ya kafe shi a falon Baba, ya ɗaura wa rauta, na'urar nan mai raba waifai, eriya a kan rufi, saboda ka san sabis ba ya shiga wannan ɗakin. Ya haɗa su, komai ya yi daidai. Baba ya kalli Harami a cikinsa, ya ce yana iya rarrabe mutum da mutum.

Ba a daɗe ba sai abin ya fara wani hali. Da safe lafiya lau, amma da yamma ta yi sai ya ƙi kama waifai. Sai ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa a tsakiyar fuskar, can ya rubuto cewa ya kasa haɗuwa. Ba abin da ban yi ba. Na cire shi daga wuta na mayar. Na kashe rautar na kunna. Na goge sunan waifan na sake saka lambar sirrin da rimot, harafi bayan harafi, har yatsana ya yi ciwo. Na sauko da rautar na ajiye ta dab da shi ko bango ne ke tarewa. Na duba data ba ta ƙare ba. Wani ya ce mini in duba kwanan wata da agogon talabijin ɗin, na gyara su, duk a banza. Abin da ya fi ba ni haushi, Hadi da safe yake samun zuwa, kuma duk zuwan da zai yi sai abin ya kama a gabansa kamar ba shi ba. Har ya fara yi mini kallon wadda ba ta iya danna rimot ba. Daga ƙarshe ya goge komai ya mai da shi yadda ya fito daga kwali, ya ce idan ya sake yi to wani abu ne a cikinsa ke mutuwa, sai an kai shi Kano. Lokacin kuwa saura kwanaki kaɗan a yi musabaƙar, ba halin kai shi ko'ina. Na ce a raina tun da dai da rana za a yi, wataƙila Allah ya rufa asiri.

Ana gobe ranar, matarka Rukayya ta kira daga Gombe ta ce ajin su Sa'adiya bayan azahar za su hau, kuma za a nuna kai tsaye. Baba ya sa aka sanar da kowa. Tun hantsi mutane suka fara zuwa. Baffa Ya'u, ƙanin Baba, ya taso daga Gude da 'ya'yansa biyu, mutanen Gammo sun zo, ga maƙwabta, ga tsofaffin ɗaliban Baba. Zaure ya cika, aka ƙara tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Baba ya sa aka yi masa wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, aka jingina shi da matasai yana fuskantar talabijin. Garin kuma ya tashi da hadari, rana ba ta fito ba, batirin sola bai samu abin kirki ba.

Ina kunnawa ya ƙi. Tun kafin azahar, lokacin da bai taɓa ƙi ba.  Na kira Hadi, ya ce yana Kabo wurin ta'aziyya, ba zai iya tasowa ba. Na gwada haɗa shi da datar wayata, ko hoto ɗaya bai buɗe ba. Na maimaita duk abin da na saba yi, ina kuskuren harafi ina gogewa. Inna tana tsaye a kaina tana tambaya ko ya yi, ko ya yi.  Baba kuwa ya zuba wa fuskar talabijin ɗin ido, can sai ya juyo ya kalle ni, ya sake mayarwa. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da aka kira salla maza suka fita masallaci, gidan ya yi tsit. Na sake dannawa ba don ina sa rai ba, sai kawai ya kama. Ga zauren musabaƙar, ga alƙalai a jere, ga kujerar mai karatu ba kowa a kai, su ma sun tafi salla. Inna ta yi ta hamdala, Baba ya ɗaga hannu. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba batirin ya yi ƙara, komai ya mutu. Maigidana Baban Ummi yana dawowa daga masallaci ya tayar da janareta, amma kafin wuta ta dawo mutane sun koma wurarensu. Talabijin ya kunnu, da'irar nan ta dawo tana juyawa. A daidai lokacin Rukayya ta kira tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce an kira yarinyar da ke gaban Sa'adiya.

Na duba wayata, sai na ga ita ma ta kasa shiga waifan gidan. Amma daga zaure ina jiyo muryar Baffa Ya'u yana magana da ɗansa na Legas ta bidiyo, yana nuna masa taron, ba ko yankewa. Nan abin ya faɗo mini. Na tambayi Inna ko akwai wanda aka ba lambar sirrin. Ta ce ai Baba ne ya ce duk wanda ya zo dubiya ya tambaya a ɗaga masa rautar ya karanta a ƙasanta, don bai ga dalilin hana baƙo ba. Watau duk wanda ya taɓa zuwa gaishe shi, wayarsa da kanta take shiga da zarar ya iso ƙofar gida. Da yamma kuwa ka san yadda dakalin nan yake cika. Na sake kiran Hadi na tambaye shi ko rauta tana cika, ya yi salati, ya ce ƙwarai, irin tamu ba ta ɗaukar wayoyi da yawa, in ta cika duk wanda ya zo daga baya a waje zai tsaya. Ya ce a canza lambar, na ce da me, ni ma na kasa shiga. Ya ce to sai dai mutane su kashe waifan wayoyinsu.

Baban Ummi yana bayan gida yana fama da janareta da ke neman mutuwa, in ya sake shi shi ke nan. Ba wanda zan aika. Na ja mayafi na nufi zaure, na durƙusa a bakin ƙofa. Na san ba wanda zai motsa kafin Baffa, don shi ne babba a wurin, saboda haka shi na fara fuskanta. Na gaishe shi, na ce don Allah ya yi haƙuri ya katse kiran ya kashe waifai na ɗan lokaci, wayoyi ne suka cika hanyar suka hana talabijin shiga. Wataƙila saurin da nake yi ya sa muryata ta fita da ƙarfi, ban sani ba.  Baffa ya sauke wayar a hankali ya kalle ni. Ya ce ashe yau a gidan ɗan'uwansa har an kai ga auna masa abin da zai taɓa, kuma 'yar da aka haifa a gabansa ce za ta tsayar da shi a gaban mutanen Gammo. Ya ce tun da Baba ya kwanta ya lura ba a shawara da shi a komai, an sayo abu an kafa bai sani ba, yanzu kuma ya lalace an ce shi ne. Na yi ta ba shi haƙuri, wani dattijo ya kama rigarsa, ya fizge. Ya kira 'ya'yansa suka hau babura suka tafi.

Yaya, ƙarar baburansu ba ta gama ɓacewa ba na ji Inna tana ƙwala mini kira. Tafiyarsu ce ta buɗe wa talabijin ɗin hanya. Na shiga da gudu, ga Sa'adiya a kan kujera cikin farin hijabi, ta riga ta yi nisa a tambayar farko. Hoton yana tsayawa yana tafiya, muryar tana yankewa. Mutane suka shigo suka cika falon har bakin ƙofa, kuma ba wanda na sake roƙo, kowa ya ciro wayarsa. Waɗanda ba su san inda ake kashe waifai ba suka kashe wayar gaba ɗaya. Sai hoton ya daidaita, muryarta ta cika ɗakin.

Na zauna a gefen Baba. Leɓensa yana bin ta aya bayan aya. A tambaya ta uku ta zo wani wuri mai kama da wani, ta zarce ta ɗauki ɗayan. Alƙali ya buga ƙararrawa. Ta tsaya. Baba ya damƙi hannuna, ban san yana da sauran wannan ƙarfin ba, har shatin yatsunsa ya fito. Ta koma baya ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa a wurin.  Ta rufe ido, ta ja numfashi, sai ta kamo daidai ta wuce, ba ta sake tuntuɓe ba har ta idar. Ɗakin ya ɗauki kabbara, Inna tana kuka. Baba ya saki hannuna, ya juya ɓangaren da maza suke yana murmushi, ya kira sunan Ya'u, ya tambaye shi ko ya ji jikarsu.  Ya sake kira. Sai Inna ta ce ya ɗan fita.

Sauran ka sani, ta zo ta uku, kuma sun dawo lafiya. Abin da ba ka sani ba shi ne tun ranar Baffa bai sake tako gidan ba, mutumin da ba ya haɗa kwana biyu bai zo ya duba Baba ba. Ni da Baban Ummi mun je Gude don in ba shi haƙuri. Matarsa Asta ta karɓe mu da kyau ta kawo ruwa, ta ce ya tafi gona, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Na bar saƙo na dawo. Da tambayar Baba ta yi yawa, Inna ta faɗa masa gaskiya. Bai ga laifina ba, bai kuma ce ƙaninsa ya yi laifi ba. Sai dai ya sa na rufe talabijin ɗin da zane. Hadi ya zo ya canza lambar, yanzu yana kamawa safe da yamma, kuma karatun Sa'adiya yana nan an ajiye, ana iya sake kallo daga farko, har da wurin da ya wuce mu. Amma Baba ya ce ba za a kunna ba sai Ya'u ya zo ya zauna kusa da shi sun kalla tare. Abincinsa ya ragu, kuma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ya ɗago kai.

Don Allah, Yaya, ka kira Baffa da kanka. Kai yana jin maganarka, kuma kai ne babbanmu. Kada ka kare ni, ka ce na yi kuskure, na yarda. In ya ce in zo in durƙusa a gaban mutanen da abin ya faru a gabansu, zan zo. Ni dai ya zo ya ga ɗan'uwansa, don jikin Baba ba na jira ba ne.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Rukayya da Sa'adiya suna gaisuwa, Baban Ummi ma haka, da Zubaidatu da yaranta. Ka gaishe mana da Malam Uwaisu abokin zamanka, ka yi masa godiyar turaren da ya aiko wa Baba. Ka sa mu a addu'a duk lokacin da ka shiga Harami. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Kamila