Tumfafiya a Winnipeg

Yaya Sulochana,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya jikin Mama? Ina fata damina ba ta sake rusa katangar baya ba.

Ni lafiya lau. Dunduniyata ce dai ta yi wata biyu tana ciwo, har shugabanmu a wurin aiki ya ce in ba zan iya tsayuwa ba za su nemi wani. Sai na tuna yadda Mama ke gasa jan bulo, ta shimfiɗa ganyen tumfafiya a kai, Baba ya taka in dunduniyarsa na ciwo. Shagunan mutanenmu shida na zaga ina neman ganyen. A na bakwai, wani tsoho mutumin garin Thrissur na can ƙasarmu, mai suna Kunjappan, ya kwashe da dariya.

"Kai ne ɗan jaridar? Ka haye teku ka zo neman ciyawar bakin hanya!"

Ashe yana da ita a tukunya bakin taga, yana lallaɓa ta kamar jikarsa. Ya tsinko mini ganye bakwai, ya ara mini bulonsa.

Yau kwana tara ina takawa. Ban warke sarai ba, kuma ban bar atisayen da likita ya ba ni ba, amma jiya na tsaya awa takwas. Aikina yana nan.

Kada ki gaya wa Mama. Ita dai ta san a zaune nake, ina gyara rubutun jarida. Gwangwani nake jerawa a kanti, Yaya.

Allah ya bar mu tare. In an zo sharar filin da ke bayan gidanmu, kada ki bari a sare tumfafiyar nan.

Ƙaninki,
Pavithran