Sakamakon 'Yan Aji Shida Ya Ɓace

Yaya,

Ki daina cewa ganganci ne, wallahi ba shi ba ne. Mai gyara da bakinsa ya ce ƙaramar sabar, wato kwamfutar ajiyar bayanai da kika saya wa makarantarki, faifan ajiya biyu gare ta, abin da ke ɗaya yana ɗayan. Shi ya sa da wurin ajiya ya cika na goge sakamakon 'yan aji shida, a zatona yana na biyun. Na duba, can ma wayam.

Yi haƙuri. Na tafi nemo mai gyaran kafin iyaye su zo karɓa. Kada kowa ya kashe kwamfutar.

Ni dai ban gane ba. In na biyun ma gogewa yake, to amfaninsa me?