Takin Shanun Yero

Barkiya, Janairu 1964

Zuwa ga ƙanena Lawal, malamin gona a Dutsin-Ma.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Bayan haka, raina a ɓace yake. Ka zo har Barkiya, ka wuce gonarmu, ka kafa allon gwaji a gonar maƙwabcinmu Ɗanmusa, ka kuma sa Yero ya sauke shanunsa can su zuba masa taki. Yeron da tun zamanin Baba a gonarmu yake sauka bayan girbi! Yanzu Ɗanmusa sai ya ga dama yake amsa gaisuwa. Da me wakensa ya fi nawa?

Inna na gaishe ka.
Yayanka, Hudu.

Dutsin-Ma, Fabrairu 1964

Yaya Hudu,

Ina gaisuwa da ladabi. Wallahi ba fifiko ba ne. An yi wa shanun Yero allurar sabon magani a asibitin dabbobi, kuma ina zargin yana fita cikin kashi da fitsari. Ka san ƙullutun nan na jikin saiwar wake? Akwai ƙananan halittu a ciki, ido ba ya ganinsu, su ke taimakon shuka ta yi ƙarfi. So nake in gani ko takin nan yana kashe su. Ɗanmusa ya sani, gefen gona kawai ya bayar. Ba zan yi gwaji da gonar da ke ciyar da Inna ba. Don Allah kada takin nan ya shiga gonarmu.

Ƙanenka, Lawal.

Barkiya, Maris 1964

Lawal,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin bakinka. Halittun da ba a gani! In abin na cutarwa ne, me ya sa Ɗanmusa ke ta fara'a? Na kai wa Yero dawa da kanwa, ya kwaso shanunsa kaf ya dawo gonarmu. Ɗanmusa sai ya ci allo.

Ka huta lafiya.
Hudu.

Barkiya, Agusta 1964

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Waken ya yi rawaya tun daga bakin hanya har gindin tsamiya. Na tumɓuke na duba, saiwar sumul take, ƙullutun sai ɗai-ɗai. Inna ta daina yi mini magana. Zo ka ɗebi ƙasar ka auna, ka taho da allonka.

Amma fa ka tabbata allon ya fi na Ɗanmusa girma.

Yayanka, Hudu.