Kwanon Goggo Tsuru

Onomichi, ƙarshen damina

Zuwa ga ɗana Shinpei,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kaho da jikata. Yaya zafin Tokyo? Yaya ciwon bayan nan naka na zaman kujera? Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwoyi, su kam sun daɗe da ajiye aiki ba su sanar da ni ba.

Wayar da ka aiko ta iso. Kai, kamfaninku ya iya kaya! Kwalin kaɗai ya fi akwatin aurena kyau. Na karanta takardar da ke ciki, inda kuka ce babu manhajar da za ta shiga wayar sai ta shagonku, don ku kare mu daga mugaye. Madalla da wannan kulawa. Tun rasuwar babanka ban sami mai tsaro na haka ba. Ka gaya wa manyanku tsaron nan ya kai har kan tudu, domin Goggo Tsuru ta wuni ta kwana a ƙasan ɗakin girkinta cikin cikakken tsaro, ko ƙuda bai san halin da take ciki ba.

Ka tuna kwanon safe? Da ina da ƙafa, tsofaffin kan tudu kan ajiye kwano a bakin ƙofa, in hau da awara in zuba musu. Gidan da ban ga kwano ba, sai in ƙwanƙwasa. Da matakalar nan ta fi ƙarfina, Malam Inagaki, wanda ya koya maka lissafi, ya zauna ya haɗa mana 'yar manhaja mai hoton kwano ɗaya. Duk wanda ya farka ya danna, sai kwanonsa ya cika a wayata. In na gama suya na ga wani babu komai, sai in tura Hamaoka mai gas ya leƙa. Iyakarta ke nan.

Da Malam ya rasu bara, ashe shagonku ya yi ta aika masa da saƙo cewa manhajarsa ta tsufa, ya sabunta ta. Malam kuwa, ka san shi da taurin kai, bai ba da amsa ba. Sai kuka cire ta. Mai tsohuwar waya yana da kwanonsa, wanda ya sake waya ya rasa.

'Yar Goggo ta zo daga Osaka ta saya mata sabuwa, muka nemi kwano sama da ƙasa babu. Tun daga nan kwanon Goggo ya zauna wayam a wayata, har ido ya saba da ganinsa haka. Ranar da santsi ya kwashe ta ƙugu ya karye, kwanon bai nuna mini wani sabon abu ba. Washegari Hamaoka ya je kai gas ya ji nishi. Da na je asibiti, abin da ta fara ce mini shi ne, "Fusae, 'yar banza, na yi ta jiran awararki, ashe kin sami wasu masu saye." Na yi dariya a gabanta. Abin da na yi a bakin lif ba sai na gaya maka ba.

Saboda haka wayarka tana nan cikin kwalinta. Na ɗora ta kan tukunyar tsamin kabeji a madadin dutsen dannewa, nauyinta ya yi daidai.

Ka gaida Kaho, ka ce mata ta rage ba ka abin gwangwani.

Innarka,
Fusae

Onomichi, tsakiyar kaka

Shinpei,

Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya mura? Na ji ta a muryarka shekaranjiya, duk da dai ba don gaisuwa ka kira ba.

Eh, ni ce a jaridar. Eh, sunan gidanmu ne a ƙarƙashin hoton, wanda kake sa hannu da shi a ofis. Ka ce shugabanka ya ajiye maka jaridar a tebur bai ce komai ba. To ni ma da na karanta takardarku ban ce komai ba, sai da aka tambaye ni.

Ga yadda aka yi. Wani jami'in gwamnati ya zo ƙungiyar 'yan kasuwa jin ra'ayinmu kan dokar nan da za ta tilasta wa irinku su bar mutane su ɗauko manhaja daga wasu shaguna. Maza suka yi ta sunkuyar da kai suna cewa al'amari ne mai zurfi. Na miƙe da rigar aikina a jiki na ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa ina kasuwar nan, ban taɓa ganin mai sayar da tukunya ya biyo mutum gida ya ce ba za a dafa komai a ciki ba sai abin da aka saya a wurinsa." Hamaoka ya ɗaga murya daga baya, "Gaya masa, Inna! Har murfi sun riƙe!" Jami'in ya yi ta rubutu, kunnensa ja wur.

Kada ka ce ba mu bi hanya ba. Matar Malam ta ba ƙungiya kwamfutarsa, wani tsohon ɗalibinsa da ke gyaran injin jirgin ruwa (wani, na ce, ba kai ba) ya gyara manhajar ya kai shagonku. Da farko aka ce sai mai ita ya sa hannu. Matar Malam ta ce za ta tambaye shi in ta kai masa furanni kabarinsa. Da aka kai ta da sabon suna, aka dawo da ita, wai abu mai maɓalli ɗaya ba shi da isasshen amfani. A shagon nan naku kuwa jikata ta nuna mini wata manhaja da ake shafa kan mage tana lumshe ido.

Maganarka ta 'yan damfara na ji ta, kuma ban ce ƙarya ce ba. Akwai su. Sun kira ni sau ba adadi, "Inna, ni ne, ni ne, na shiga matsala." Nan take nake gane su, domin ɗana ba ya kira da rana tsaka haka kawai. Ku kama ɓarawo, ni ma zan taya ku ihu. Amma mai gadin da ya kulle masu gida a ciki ya tafi da mabuɗi, a kasuwarmu wani suna muke ba shi.

Ka roƙe ni in yi shiru har ƙura ta lafa. Ba zan yi ba. Akwai sauran tsofaffi a kan tudu, wayoyinsu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace ta mutu kwano ya tafi. In aikinka ya dogara da bakin mai awara a Onomichi, ashe kamfanin bai kai girman da nake zato ba.

Ka sha ruwan citta. Ka rufe wuya.

Innarka,
Fusae

Onomichi, cikin sanyi

Ɗana,

Ina fata kun shiga sanyin nan lafiya. Yaya Kaho da jikata? Shirunka ya iso, na gode.

Doka ta fara aiki, ka riga ni sani. Ɗalibin Malam ya sa kwano a wani ƙaramin shago da ba naku ba. Na sauke wayarka daga kan tukunya, na goge ta, har yanzu tana ɗan warin kabeji. Da na je ɗauko manhajar, sai gargaɗi ya cika fuskar wayar: wannan abu daga wurin da ba a sani ba yake, kin tabbata kin yarda da mai shi? Na karanta har ƙarshe. Rubutu ne mai ladabi, irin wanda ke sa hantar mutum ta kaɗa ba tare da an zage shi ba. Kaho ta taɓa gaya mini sashenku ne ke tsara irin wannan. Wanda ba a sani ba! Mutumin da ya zaunar da kai a teburinsa duk hutun bazara, matarsa na dafa maka taliya, har ka ci jarrabawar da ta kai ka kujerar da kake kai.

Tsofaffi sun tsorata da gargaɗin, sun ƙi dannawa. Don haka na ɗauki sanda na hau tudun da kaina, gida gida, ina hutawa a kan matakala kamar buhun wake. Goggo Tsuru ta dawo, da ɗan keken da take dafawa take yawo a ɗaki. Ta dubi rubutun ta ce, "Me yake cewa?" Na ce, "Yana tambaya ko kin yarda da Malam." Ta ce, "Wanda ya kayar da ɗana a jarrabawa? Ban taɓa yarda da shi ba. Danna!" Yau da safe kwanonta ne ya fara cika.

Saura abu ɗaya. Da na sauko ranar, gwiwoyi suka ƙi, na kwana biyu ban buɗe rumfa ba. Ina kwance sai na lura: kowa a kan tudu yana da mai duba kwanonsa, ban da mai duba kwanukan. Na sa an buɗe mini nawa, aka tambaye ni wayar wa za ta yi ƙara in rana ta fito ban danna ba. Hamaoka ya ce a sa shi. Na ce a'a, ina da ɗa.

Sai dai ba za ta yi ƙara a wayarka ba sai ka ɗauko manhajar, kuma ba a shagonku take ba. Za ka ga gargaɗin nan, ba sai na karanta maka ba. A ƙasansa akwai maɓalli biyu.

Ka gaida iyali. Na haɗo muku da tsamin kabeji, na bana ya danne sosai.

Innarka,
Fusae

Na manta ban tambaya ba: a wurin aikinku, ana barin mutum ya san ko uwarsa ta farka, ko shi ma ba shi da isasshen amfani?